Mai Awon Rijiyoyin Bikerere

A Bikerere in ka ji an ce "baƙuwar nan", ba wadda ta sauko daga kwalekwale jiya ake nufi ba. Nei Tekarei ake nufi, wadda ta shigo tsibirin tana amarya, ta tsufa a cikinsa har furfura ta cinye mata kai, amma sunan bai sake ta ba. Ba da mugunta ake faɗa ba. Ai da da mugunta ne da abin ya zo da sauƙi, don mugunta ana iya rama ta.

'Yar kudu ce, daga tsibiran da ruwan sama kan yi fushi da su shekara da shekaru. Can ta koyi wanka da ƙoƙon kwakwa biyu, ta koyi ɗanɗana ruwa kafin ta ba yaro. Ten Bwenaua ya gan ta ne a taron mawaƙan coci a Tarawa, babban birnin ƙasar, shi yana layin baya cikin masu kaurin murya, ita tana gaba. Mutum ne mai sanyin hali, mai dariya ba sauti, amma in ya hau kwakwa da safe ɗibar bammi, waƙarsa kan tashi zakaru kafin su yi niyya. Ya kawo ta ƙasar kakanninsa a gefen tafki, inda kaburburan dangi ke tsakar gida an zagaye su da farar tsakuwa, yara na zaune a kai suna cin kifi.

Ba su haihu ba. A wurinmu wannan ba ya hana mace goyo: sai ta je wa 'yar'uwa ta ce na zo da bubuti, ba ni jaririn nan, kuma ba a hanawa. Duk abin da aka roƙa da wannan kalma, kwalekwale ne, keken ɗinki ne, ɗa ne, bayarwa ake yi da sakin fuska ko da zuciya na ƙuna, wanda ya karɓa kuma ya san wata rana za a zo masa. Sai dai roƙo ne na waɗanda suke abu ɗaya. Ba ka yi wa wanda ba ka so ka gani a ƙofarka gobe. Tekarei ta jira wata ta fara zuwa mata, ko don allura, ko don babbar tukunyar ƙarfen da ta zo da ita daga kudu, wadda duk matan tsibirin suka yi ta satar kallo. Ba wadda ta zo. In suna son tukunyar sai su tura mazansu wurin Bwenaua. Ita kuma girman kai ya hana ta fara miƙa hannu. Haka ƙuruciyarta ta wuce, kowa na gaishe ta da fara'a, ba wanda ya taɓa neman ko tsinke a hannunta.

Aikin awo ma ta wannan ƙofar ya shigo mata. Shekarar da gwamnati ta ce tana son sanin halin rijiyoyin ƙananan tsibirai, wata yarinya daga ofishin ruwa na Tarawa, Nei Tabwena, ta sauka da wata na'ura rawaya mai igiya, a bakin igiyar akwai ƙarfe kamar ɗan yatsa. A tsoma ƙarfen a guga, lamba ta fito, lambar ta faɗi yawan gishirin da ya shiga ruwan. Ana neman mutum ɗaya da zai bi rijiyoyi kowane wata, ya duba mazubin ruwan sama da aka kafa a bayan makaranta, ya karanta wa Tarawa lambobin ta rediyon asibiti. Dattawa suka zauna a maneaba, babban zauren taron tsibiri, kowa a mazaunin gidansu, suka yi ta juya magana har inuwa ta karkata. Ba wanda ya ce ba ya so. Kowa dai ɗan wani ya yaba. Gaskiyar ita ce babu ɗan Bikerere da zai iya tsayawa a bakin rijiyar kawunsa ya ce masa ruwanka ya fara mutuwa. A ƙarshe Ten Kabiri, yayan Bwenaua, wanda gidansu ke da maganar farko a zauren, ya gyara murya.

"Ga matar ƙanena nan," in ji shi. "'Yan kudu ai da gishiri aka yaye su."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi daga inda mata ke zama. Ta gane sarai. An ba ta ne don ba ta da kawun da za ta ji kunya.

Ranar da Tabwena za ta koma, tana tsaye ruwa ya kai mata gwiwa, takalmanta a hannu, ta kira Tekarei yadda ake kiran mace a wurinmu, ta ce, "Neiko, kada ki bari a sami giɓi. Akwai injinan tace ruwan teku masu aiki da hasken rana da muke sa ran samu, kuma ba su da yawa. Ranar rabo ni ba ni da baki, lambobinki ne bakina. Tsibirin da awonsa ya yanke a tsakiya, musamman lokacin fari, a wurin masu rabo lafiyarsa lau."

Tekarei ta kai wa dattawa wannan magana yadda aka ba ta. Kabiri ya ce tun yana yawo ba wando ake musu alkawarin gada zuwa babban tsibiri, har yau da kwalekwale yake zuwa. "In injin ya tashi zuwa, sai ya biyo ta kan gadar."

Ta riƙe aikin da hannu biyu. Ana cewa tsoron Allah ne ya sa ba ta taɓa rage lamba ko ta ƙara ba, kuma akwai wannan. Amma akwai wani abu da ba ta faɗa wa ko Bwenaua ba, wato daɗin shiga gidajen da ba a taɓa kiranta ba, ta tsaya a tsakar gida, matar gida na tsaye tana jiran abin da zai fito daga bakinta. Yara suka laƙa wa na'urar suna Harshen Gwamnati. In sun hango ta sai su ruga suna ihu a rufe tukwane, mai lasa ya iso.

Bwenaua ya rasu ana cikin haka. Ba teku ce ta ci shi ba, ba kuma daga kwakwa ya faɗo ba. Ciwon sukari ne ya biyo ta ƙafa, aka yanke ta a Tarawa, ya dawo ya ɗan taɓa zama, ya tafi. Aka binne shi kusa da iyayensa, 'yan taku daga murhunta. Da safe tana hura wuta tana ba shi labarin wanda ya kama kifi da wanda ya yi ƙarya, kamar yadda ta saba, don da ma ko yana raye ba ya cika amsawa.

Matar da ba ta haifa wa gida ba ba ta da ko taki ɗaya a ƙasarsa. Ba a korarta, Allah ya kiyaye. Raka ta ake yi, da sababbin tabarmi da kwalaben man kwakwa da riguna, da waƙa har bakin ruwa. A kudu kuwa iyayenta sun daɗe a ƙasa, 'ya'yan 'yan'uwanta a hoto suka san ta. Ba wanda ya ce mata uffan. Ta dai lura Nei Aroita, matar Kabiri, ta fara shanya ganyen saƙa fiye da bukatar gida ɗaya, ɗansu da ya yi sabon aure kuma ya tsiri biyowa ta gefen gidanta yana duban jinka da idon mai shirin gyara.

Ruwan sama ya ɗauke a wannan shekarar, ya ƙi dawowa. Rijiyoyin bakin teku suka fara zartsi ɗaya bayan ɗaya, mata suka koma ɗiba a gidan Kabiri. Rijiyarsa ita ce alfaharin tsibirin, a tsakiyar tudu take, kakan kakansa ya haƙa, kuma rabin girman da ake ba gidan daga cikinta ake janyo shi. Ranar awo Tekarei ta tarar da mata cike a bakinta da jarkoki.

"Ga Harshen Gwamnati ya iso," in ji Aroita tana matse zane. "Neiko, bar shi ya sha ya ƙoshi yau, ya san ya zo gidan mutunci. Na ji jiya a gidan malamin makaranta har tofarwa ya yi."

"Shi ba ya tofarwa. Ni nake tofar masa."

"To yau sai ki haɗiye masa."

Ta ja guga, ta tsoma ƙarfen. Ta duba. Ta ɗauraye shi, ta sake jan wani gugan, ta sake dubawa.

"Me ya ce? Ko daɗi ya hana shi magana?"

Da ta so, sai ta ce sai na koma gida na kwatanta da na watan jiya. Ta sha yi wa wasu matan wannan rufin asiri. Amma idonta ya faɗa kan tabarmar da ke shimfiɗe a inuwa, an ci rabin saƙarta, mai baki ja irin wadda ake yi wa mai tafiyar da ba dawowa. Sai ta faɗi lambar da ƙarfi yadda ta nesa ma za ta ji, ta ƙara da cewa, "Ta kusa kamo ta gidan malam."

Wata ta ɗebi ruwan a tafi ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta kau da kai.

"Ƙarya yake," in ji Aroita. "Ruwan da babban fasto ya sha shayinsa ya nemi ƙari?"

"Ni dai abin da ya nuna na faɗa."

"Ai kuwa kin faɗa. Har kifin tafki ya ji."

A makon ne labari ya zo cewa an rufe makarantar Aontena, ƙaramin tsibirin da ke can ƙarshen tafki, iyalai sun fara ƙaura. Su ma ana auna musu rijiyoyi. Mutane suka haɗa biyu da biyu: da awo ake farawa, sai a ce wuri ba ya zaunuwa, sai a turo jirgi.

Kabiri ya zo da kansa da la'asar, shi da rabonsa da gidan tun ranar binnewa. Ya zauna a bakin dandamalin kwana yana shafa gwiwarsa mai ciwo, bai dube ta ba, kabarin ƙanensa ya duba.

"Dubi malalacin nan," in ji shi. "Ya miƙe ƙafa ya bar tsoho da hawan kwakwa."

"Ƙafa ɗaya ya miƙe, Nao. Ɗayar tana Tarawa," in ji ta. Nao ake ce wa namiji a wurinmu, kamar yadda ake ce wa mace Neiko.

Ya yi dariya har da tari. Ta kawo masa bammi mai zaƙi a ƙoƙo. Suka yi zancen iska, da ƙarancin kifi, da yaran zamani da ba su san ɗaurin igiya ba. Sai ya ajiye ƙoƙon, ya haɗa hannuwansa a kan cinya.

"Nei Tekarei."

Ta ɗago. Tun da ta zo tsibirin, matar ƙanena yake ce mata.

"Na zo miki da bubuti. Na'urar nan nake roƙo."

Masu son kare ta sukan ce ba ta da zaɓi, al'ada ce ta ɗaure ta. Waɗannan ba su yi mata adalci ba, don sun mayar da ita ƙaramar yarinya. Tana da mafita, kuma kowa ya san ta: ba tawa ba ce, ta gwamnati ce. Malamin asibiti da wannan amsar yake tsare babur ɗin aiki, ba wanda ya ce ya yi rowa. Kalmomin Tabwena kuma ba su ɓace mata ba, ta ji su ɗaya bayan ɗaya kamar yanzu ake faɗa. Amma ta ji wani abu ya sauka a ƙirjinta irin saukar ruwan farko a kan busasshiyar jinka. Babban gidan nan, mai maganar farko a maneaba, ya zo ya zauna ƙasa da ita yana roƙo. Kafin daɗin ya gama ratsa ta, lissafi ya riga ya biyo bayansa: wanda ya roƙa ya buɗe ƙofarsa.

"Me za ka yi da ita, Nao? Kifi za ka auna?"

"Rataye ta zan yi ta huta. Ta lashi ruwan mutane ya ishe ta."

"Ka san abin da yarinyar Tarawa ta ce."

"Na san abin da ya sami mutanen Aontena ma. Ni ba za a loda ni a jirgi kamar buhun busasshiyar kwakwa ba. Uwata na nan, ubana na nan, wannan malalacin ma na nan."

Bai ambaci rijiyarsa ba, ita ma ba ta ambata masa ba. Ta shiga ta naɗe igiyar yadda aka koya mata, ta goge fuskar na'urar da bakin zane, ta miƙa masa da hannu biyu, fuska a sake.

Ba ta bi shi washegari ba, wannan ciniki ne, kuma abin kunya. Ta bari 'yan Lahadi suka wuce. A cikin kwanakin ta san abin da ke hannunta: roƙo ɗaya ne mai nauyi, wanda ba zai iya kaucewa ba. Ta kuma san tana iya kashe shi a kan na'urar, ta ce a ara mini ita wuni ɗaya kowane wata, awo ya ci gaba, shi kuma girmansa bai zube ba. Ta juya wannan tunanin tana kankare kwakwa, ta juya shi tana share tsakuwar kabari. Ba mantawa ta yi ba. Ajiye shi ta yi.

Ta sa farar rigarta ta coci ta tafi. Kabiri na gyaran koma, Aroita na kan saƙa.

"Nao, ni ma na zo da bubuti. Gidan ƙanenka nake roƙo, in zauna a cikinsa har ranar da za a fitar da ni a kwance."

Hannun Aroita ya tsaya. Kabiri ya daɗe yana duban ramin komar da ke hannunsa, sannan kafaɗunsa suka fara rawa, irin dariyar gidansu marar sauti.

"Ashe 'yan kudu ba gishiri kaɗai suka sani ba," in ji shi. "An ba ki."

"To ni wannan fa?" in ji Aroita tana buga tabarmar. "Idona ya kusa tsiyayewa a kanta."

"Ki ba surukarki. Ta fi ni bukatar abin kwanciya."

Ranar kiran rediyo ta tafi asibiti ta zauna gaban akwatin. Muryar Tabwena ta fito cikin ƙara. "Bikerere, Bikerere, ina lambobina?"

Ta karanta mata na ruwan sama, babu ko ɗigo. Sannan ta ce, "Na rijiya babu. An yi mini bubutin na'urar."



"Wa?"

"Yayan mijina."

"Neiko, ba ki ce masa ta gwamnati ce ba?"

"Ban ce ba."

"Hm. Ni ma da kakana ne ya zo mini, ban san me zan yi ba. Amma ba ni da inda zan rubuta wannan. Zan nema miki wata, sai dai ban yi alkawari ba, a ƙirge aka ba mu su. Rashin ruwan sama kuma kowa da shi yake kuka, ba zai bambanta ku da kowa ba."

Wata na'urar ba ta zo ba, Tekarei kuma ba ta matsa ba.

Abin da ke da wuyar faɗa shi ne, watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk zamanta na Bikerere. Labari ya bazu cewa baƙuwar ta ba da Harshen Gwamnati ba tare da ta ɓata rai ba, ta ceci tsibiri daga jirgi. Aroita da kanta ta zo roƙon tukunyar ƙarfe, tana mita wai ta fi kama da kwalekwale. Wata ta zo neman allura, wata almakashi, wata ta kawo mata jikarta ta kwana biyu. Aka matsa mata wuri a cikin matan saƙa, aka fara zagin miji a gabanta ba a rage murya ba. Ta yi ƙiba. Tana dawowa gida da yamma ta tarar an kwashe mata rabin kayan girki, ta tsaya tana duban wuraren da babu komai kamar mai duban dukiya. Harshenta kuwa bai daina aiki ba. Duk gidan da aka ba ta ruwa ta san inda rijiyar ta kai, sai ta haɗiye ta yi godiya.

Farin ya zarce. Gwazar da ke ramuka, wadda wasu tun auren iyayensu aka dasa, ta ruɓe daga ƙasa, ramukan suka yi wari. Gwanda ta zube, kwakwa ta ƙanƙance kamar dunƙulen yaro. Sabulu ya daina kumfa. Yara suka kama gudawa, aka binne biyu. Rijiyar Kabiri ce ta ƙarshe, ita ma wata safiya Aroita ta dafa shayi, ba wanda ya iya shanye nasa. Samari suka koma jigilar jarkoki daga babban tsibiri, in iska ta tashi a kwana da ƙishi.

Sai ga shi wata rana jirgin kaya ya shigo tafki. Duk tsibirin ya fito bakin ruwa, wasu matan har sun fara kuka, sun ɗauka na kwashe mutane ne. Bai ko rage gudu ba. A bayansa an jera wasu baƙaƙen faya-fayan injin tace ruwa suna ƙyalli a rana, ya miƙe ya nufi Aontena. Daga baya aka ji cewa makarantar can rashin malami ne ya rufe ta, ba wani abu ba, kuma mai awonsu bai taɓa tsallake wata ba. Aka kafa musu inji a bayan coci, waɗanda suka yi ƙaura suka fara komawa. Kabiri ya tsaya a bakin ruwa har jirgin ya zama ɗigo. Ba wanda ya dube shi, ba wanda ya dubi Tekarei. Mu mutane ne masu kunya. Abin da kowa ya tafa wa hannu, ba a neman mai laifinsa.

Ba gwamnati ce ta kwashe Bikerere ba. Da kansu suka tafi, gida gida, masu ƙananan yara a gaba, zuwa wani fili da coci ta ba su aro a babban tsibiri. Gidan Kabiri ne na ƙarshe. Kuma ba a barin matattu a wurin da babu mai share musu tsakuwa, don haka da sassafe maza suka zo da shebur, mata da kwalaben mai da sababbin ƙyallaye. Suka tono uban Kabiri, suka tono uwarsa. Sannan suka tsaya a kan na ukun, na Bwenaua, suna jiran Kabiri.

Tekarei ta fito ta tsaya tsakaninsu da kabarin.

"Gidan nan nawa ne. Kai ka ba ni."

"Naki ne," in ji Kabiri. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. "Gidan naki ne har ki mutu. Shi kuwa namu ne."

Ya yi wa mazan alama suka ja baya. Ya matso kusa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ranar da na zo miki, kin san injin nan gaskiya ne?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni ma ina jin na sani."

Ta buɗe baki. Kalmar bubuti na kan harshenta, yanzu ta iya ta, ta saba da ita, kuma in ta faɗa dole ya juya da shebur ɗinsa ya bar mata ƙanensa, ita da shi da rijiyar gishiri. Ya ga tana zuwa. Tsohon da ke da maganar farko a maneaba ya kama gefen zanenta da yatsu biyu kamar yaro.

"Kada ki roƙa, Neiko. Don Allah kada ki roƙa. Ba zan iya hana ki ba."

Ta daɗe tana duban yatsun. Ita kanta ba ta san ko tausayinsa ne ya rufe mata baki ba, ko kuwa tsoron dare na farko da za ta yi ita kaɗai a tsibirin da babu ko kare. Ta matsa gefe. Da aka kai gare shi ta ce kada wata ta taɓa, ita za ta wanke. Ta zauna a inuwa ta bi ƙasusuwan ɗaya ɗaya da man kwakwa har suka yi sheƙi, ta naɗe su. Ƙunshin bai kai nauyin jariri ba. Shi ta rungume a cikin kwalekwale, ba ta waiwayi gidan da ta saya da tsada haka ba, da Aroita ta tuna mata ba ta rufe ƙofa ba, sai ta ce a bar ta haka.

A babban tsibiri filin cocin rairayi ne ba inuwa, an kakkafa rumfunan leda da ganye. Nan ba wanda ya san gidan da ke da maganar farko. In sun shiga maneaban garin, can baya ake nuna musu, gaba ɗayansu, kuma sunansu ɗaya ne, mutanen Bikerere, a faɗa da ɗan tausayi da ɗan gajiya. Filin ba shi da rijiya. Sai an shiga gidajen 'yan gari.

Kwana kaɗan da sauka, Tekarei na dawowa daga shago ta hango Aroita tsaye a bakin shingen wani gida da guga a hannu. Matan gidan na ciki suna hira, sun gan ta, sun gaishe ta da fara'a, sun ci gaba da hirarsu. Aroita ta ɗaga ƙafa ta mayar. Matar da duk tsibiri ke layi a bakin rijiyarta ba ta san yadda ake shiga gidan wani neman ruwa ba.

Wani abu ya motsa a cikin Tekarei, ƙarami, mai ɗumi, marar kyau. Ta san sunansa: daɗin ramuwa ne. Ta tsaya ta bar shi ya ɗan daɗe, fiye da yadda ya kamata, tana kallon bayan Aroita da ya fara ranƙwafawa. Sannan ta ƙarasa ta karɓi gugan.

"Ba haka ake yi ba," in ji ta a hankali. "Ba a shiga da guga a gaba. A baya za ki riƙe shi, kamar kin manta yana hannunki. Ki fara da yaran gidan, ki ce sun yi kama da ubansu ko ba su yi ba. Kada ki zauna sai an ce miki sau biyu."

"In suka yi mini dariya fa?" in ji Aroita.

"Za su yi. Ki riga su."

Ta mayar mata da gugan ta baya, ta tura ƙyauren shingen, ta yi sallama da murya mai daɗi.